Ɓawon Albasa da Kakin Zuma: Mako Biyu a Krakow Lokacin Ista

Akwai bashin da ke wuyana tun 2022, shi ya kai ni Poland. Yaron nan (ɗan fari ne, don haka ku yi haƙuri, ba za ku ji sunansa a bakina ba) yana karatun likita a Kharkiv ta ƙasar Yukren lokacin da Rasha ta afka musu a watan Fabrairun shekarar. Ya yi kwanaki a hanya, jirgin ƙasa zuwa Lviv, daga nan rabi a mota rabi a ƙafa cikin sanyi har bakin iyakar Medyka. Ya isa Krakow bai san kowa ba. Wata tsohuwa ce ta buɗe masa ɗakin ɗanta, ta ce ya biya in ya samu. Shekara uku ina aika mata godiya ta waya, ita ba ta jin yarena ni ba na jin nata, sai murmushi da ɗaga hannu. Na ce wa Malam gaskiya wannan ta wuce saƙo, zuwa da kai ya fi.

Neman biza ba zan ɓata muku lokaci da shi ba: yuro 90, inshorar lafiya, takardar gayyata, takardun banki, sai jira mai sa mutum rama. An yi ƙaramar Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, 2025. Ni kuwa sana'ata kenan, alkaki da dubulan da nakiya da gireba na biki da na Sallah, don haka sai da na sallami masu oda, bayana ya ɗan saki, sannan na ɗaure kaya. Talata 8 ga Afrilu da asuba na bar Kano. Na ƙirga shinge biyar kafin Kwanar Dangora, daga nan barci ya ƙwace lissafin. Na kwana wajen ƙanwata a Kaduna, washegari na hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, da dare muka tashi zuwa Santanbul, na yi gyangyaɗi a kujera na wasu awanni, sai wani jirgin na awa biyu da ɗoriya ya sauke mu a Krakow.

A filin jirgin aka fara yi min tarbiyya. Mai buga hatimi ya tambayi wa na zo gani, ina zan kwana, yaushe zan koma, na miƙa masa takardu ya buga. Wajen kaya ne aka ce in buɗe jaka. Wata jami'a mai safar hannu ta zaro kilishin da na yi takanas har Agadasawa na sayo, ta zaro kwalbar man shanu, ta ajiye su gefe. Ashe doka ce a duk Tarayyar Turai, nama da duk abin da aka yi da madara ba sa shiga a jakar matafiyin da ya fito daga waje. Na yi magiya da Turancina na makarantar 'yan mata, ta girgiza kai cikin ladabi. Ta shinshina daddawa ta yamutsa fuska ta mayar, ta juya ƙullin kuka ta mayar, dabino ko kallonsa ba ta yi ba. Da ta zo kan garin lalle ta tsaya tana dubana, sai na buɗe mata tafin hannuna da lallen Sallah bai gama fita ba. Ta yi dariya ta rufe jakar. Kilishin dai har yau yana min ciwo.

Yaron ya ce min bazara ce a can. Ni kuwa bazarar da na sani ita ce wadda na baro, zafi na neman digiri 40, ana kwana a tsakar gida ana fifita. Da muka fito waje iska ta mare ni sai da haƙorana suka haɗu. Na ce, "Kai, wannan ce bazarar?" Ya ce, "Umma, ai yanzu sauƙi ya zo, da kin zo a Janairu fa?" Ya yafa min wata jibgegiyar riga. A hanya na lura bishiyoyi da yawa tsirara suke, sai ɗan toho kore a bakin rassa, wasu kuma sun yi fure fari fat ko rawaya tun ganye bai fito ba. Sai daga baya na gane duk adon da zan gani a makonnin nan daga nan ya samo tushe. Mutanen da suka yi wata huɗu ko biyar ba su ga kore ba, ɗan tsiro a faranti ma abin nunawa baƙo ne. Kamar yadda muke fitowa tsakar gida mu shaƙi ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko.

Gidan yana Nowa Huta, unguwar da aka fara ginawa a 1949 domin ma'aikatan wata ƙatuwar masana'antar ƙarfe, sunan ma abin da yake nufi kenan. Mijin tsohuwar a can ya yi aiki har ya rasu. Bene hawa na huɗu, ba na'urar hawa, na isa ina haki. Ta buɗe ƙofa, 'yar gajeruwa mai farin gashi, ta riƙe fuskata da hannu biyu tana magana tana hawaye. Duk jawabin godiyar da na tsara tun daga Kano ya gudu. Yaron yana ce mata Babca, wato kaka, ni ma na bi bakinsa. Ita kuma tana ce min Pani, wanda shi ne Hajiya ko Malama tasu.

Ina zama idona ya sauka kan taga. Faranti ne aka shimfiɗa masa auduga, wasu 'yan tsirrai kore shar sun cika shi, an dasa ɗan rago na sukari a tsakiya. Na matsa na tsinki ɗaya na murza na shinshina. Na ce, "Wannan ai lansir ne!" Yaron ya ce a'a, wani abu ne da suke kira jejuha, na adon Ista, bikin Kiristoci na ƙarshen azuminsu. Na ce yaro, na yi kwaɗon lansir tun ba a haife ka ba. Ya duba a waya, ya ɗago yana sosa ƙeya. Shi ne. Suna zuba irin a kan jiƙaƙƙiyar auduga tun kafin bikin, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, shi kenan. Wasu hatsin oat suke shukawa a ƙaramin kwano. Abin da muke saye dami-dami da sanyi mu yanka da ƙuli-ƙuli, shi aka ɗora a taga kamar fulawar amarya.

Asabar muka shiga gari da taram, ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, tikitin minti ashirin a lokacin zloti 4. Kuɗinsu kenan, ba yuro suke kashewa ba, kuma a lokacin zloti ɗaya ya haura naira 400, don haka na daina lissafi don kada hawan jini ya kama ni. A babban dandalin tsakiyar gari an kafa rumfunan kasuwar Ista, ƙwai masu zane na katako da na gaske, kwanduna, kyallaye masu saƙa, 'yan tsaki na auduga. Duk awa ɗaya mai busa yana busa kakaki daga hasumiyar cocin Maryamu, ya katse busar a tsakiya kamar an ƙwace masa. Babca ba ta saya ko tsinke a nan ba, ta ce na baƙi ne. Ta ja mu kasuwar Stary Kleparz, inda ta sayi fararen ƙwai, don nasu galibi ja-ja ne kuma fari ya fi karɓar rini. Guda goma sun tasar wa kuɗin kiret guda a Kano. Daga nan ta tsaya gaban mai albasa, ta fito da leda, ta shiga tsince busasshen ɓawon da ya zube a gindin akwati. Na ji kunya ta kama ni, na waiwaya ko ana kallonmu. Ba wanda ya damu, wata matar ma jira take ta gama. A gida kuma ta nuna min wata jaka cike da ɓawon da take tarawa tun farkon azuminsu na kwana arba'in.

Da dare ta zube takardu masu laushi kala-kala a tebur, irin masu tattarewa, ta koya min naɗa fure: a yanka siriri, a ja gefen da babban yatsa har ya lanƙwasa, a naɗe a jikin tsinke, a ɗaure da zare. Muka haɗa su da rassan wata bishiyar bakin rafi mai 'ya'ya masu laushi kamar gashin kyanwa, suna ce musu baje, da wani ganye mai ƙananan idanu da ba ya bushewa da sanyi. Wai dabino muke haɗawa. Na tuna maƙwabtanmu Kiristoci a Kano, ranar Lahadin da ta rage mako guda a yi Ista ganyen dabino ko na kwakwa na gaske suke riƙewa. Su kuwa nan ƙasarsu ba ta fitar da shi, sai suka ƙirƙiri nasu da abin da Allah ya hore musu.

Ban san inda ƙirƙirar ta kai ba sai washegari, Lahadi 13 ga wata, da wani maƙwabci ya ɗauke mu a motarsa zuwa Lipnica Murowana, wani ɗan gari bayan Bochnia, tafiyar awa ɗaya da wani abu. Tun 1958 suke gasar dabino a can. Na zaci irin namu na tebur ne aka ɗan ƙara wa tsawo. Ina! Wasu a kwance sun kusa cinye tsawon dandalin, kuma an sha yin waɗanda suka haura mita 30. Sanduna ne da rassa aka ɗaure da igiya, ba ƙusa ba ƙarfe, aka lulluɓe da furannin takarda da ƙyallaye masu kaɗawa. Kuma sai ya tsaya a tsaye ake ƙirga shi, da ƙarfin mutane za a ɗaga, ba inji. Na ga ƙarti sun kama igiyoyi, wasu sun tokare da dogayen sanduna masu baki biyu, wani yana ba da umarni da ihu, abin yana tashi a hankali yana lanƙwasa kamar gora, jama'a sun yi tsit. Ni da ba ruwana sai ga ni ina "Ya Salamu sallim". Da ya miƙe aka ɓarke da tafi. Ban shiga wajen ibadarsu ba, na zauna a benci ina cin dabinona, wata dattijuwa ta zo ta shafa atamfata, ta kama hannuna tana bin zanen lallen da yatsa. Ba kowa ne haka ba. A taram wani mutum ya dubi hijabina ya tashi ya canza kujera. A hanyar dawowa Babca ta tsinki baje ɗaya ta haɗiye, wai maganin ciwon maƙogwaro ne na shekara. Ta miƙo min, na ce na gode, ina da citta da kanumfari.

Ranar Laraba gari ya juye ya yi ɗumi har mutane suka fito da 'yan riguna, ranar kuma aka zauna zaman ƙwai. Wata 'yar Yukren da ke hawa na biyu, wadda ita ma yaƙin ne ya koro ta da 'ya'yanta, ta hawo da kayan aikinta. A shekarar Istar su da ta Katolika ta faɗo rana ɗaya, 20 ga Afrilu, abin da ba kullum yake faruwa ba. Na zauna ina jin kaina, don na yi shekaru ina yi wa amare lalle kafin in koma kan kasko. Zanen ƙwai kuma, ai aikin yara ne. Raina kama ka ga gayya.

Mai sauƙin muka fara yi. A jiƙa ɓawon albasa a tukunya, a tafasa har ruwan ya yi ja kamar shayin Buzaye, a zuba cokali biyu na khal, a saka ƙwai su dahu a ciki. Suna fitowa ja mai duhu, kalar goron da aka tauna. In ana son zane, sai a manna ɗan ganye a jikin ƙwan, a ɗaure shi tam a cikin yankin tsohuwar safar mata mai shara-shara, in an kwance sai ga hoton ganyen fes. A goga ɗan mai ya yi sheƙi. Kurkur yana ba da rawaya, wani jan tushe da suke kira burak yana ba da ruwan hoda.

Sai na kakin zuma, wanda suke kira pisanki. Da farko a huda ƙwai sama da ƙasa da allura, a soke gwaiduwar, a hura har ya fita, kumatuna sai da suka yi tsami. Babca fil ta soka a gindin fensir. Tana tsoma kan fil ɗin a narkakken kaki, ta ɗiga a jikin ƙwai ta ja, sai ya ba da ɗigo mai wutsiya. Tsoma ɗaya, ja ɗaya, don kafin ki ƙifta ido kakin ya daskare. Da waɗannan ɗigon take fitar da rana da fure da reshe. 'Yar Yukren kuwa wani ɗan mazurari take da shi na jan ƙarfe a bakin tsinke, tana ɗumama shi a kyandir tana jan layi siriri kamar gashi. Dabarar ita ce duk inda kaki ya rufe, rini ba ya shiga. Ki zana abin da kike so ya zauna fari, ki tsoma a rawaya. Ki rufe abin da kike so ya zauna rawaya, ki tsoma a ja. Ki sake rufewa, ki tsoma a baƙi. Daga mai haske zuwa mai duhu, ba a komawa baya. Na ce ai wannan lallen salatif ne, kuma shi ne ɗaurin da ake yi wa yadi kafin a jefa shi a karofin Ƙofar Mata. Yaron ya fassara, matan biyu suka ce in nuna musu hoto, muka ɓata rabin awa a kan shuɗin baba.

Sanin dabara daban, hannu daban. Lalle yana jiranki, kina matsa leda yana zuba, in kin kuskure ki goge. Kaki ba ya jira kuma ba ya yafiya, inda ya ɗiga ya ɗiga kenan ko kin kankare. Ƙwan farko na matse shi ya fashe a hannuna. Na biyu ya fito da dabbare-dabbare kamar mai ƙyasbi. Babca ta kama hannuna ta shinshina, ta harare ni, ta nuna min famfo. Man kaɗanyar da nake shafawa saboda bushewar fata ne ya hana rinin kamawa. Na wanke da sabulu har sau biyu. A na huɗu ne na zana dagin Arewa, layukan suna karkacewa saboda ƙwai ba shi da shimfiɗa irin ta tafin hannu. Da aka gama ya zama baƙi ƙirin, mummuna, duk kaki. Sai 'yar Yukren ta ce in kara shi kusa da gefen harshen kyandir, ba a kansa ba don kada ya yi hayaƙi, in riƙa gogewa da tsumma. Ina gogewa fari da rawaya da ja suna fitowa daga ƙarƙashin baƙin. Na yi guɗa ban sani ba. Babca ta ɗauka ta juya shi, ta faɗi wata magana. Na ce me ta ce? Yaron ya ce, "Umma, wai ya yi kyau, amma hannunki na rawa."

Alhamis ya kai ni gidan tarihin al'adun gargajiya da ke Kazimierz, in ga na gwanaye. Akwai na yankin Opole da ake rinawa da kala ɗaya sannan a kankare zane da tsinin wuƙa, sak zanen ƙwarya. Akwai na Lowicz da ake manna wa 'yan yankakkun takardu, zakaru da furanni, waɗanda asali da almakashin sausayar tumaki ake yanka su. A Opole ɗin ne aka tono mafi tsufan ƙwai masu ado a ƙasar, na ƙarni na 10. Na fito na daina cewa aikin yara.

Juma'a aka shiga fagena, ko kuma haka na zata. Tun kafin a fara na ce wa yaron ya tambaya min maganar giya da kitsen alade, don na ji suna jiƙa zabibi a giya. Babca ba ta amsa ba, sai ta buɗe kabad ta fito da tukunya da kasko da wuƙa, kowanne an ɗaura masa koren zare a hannu. Shekara uku kenan da ta ware su, alade bai taɓa taɓa su ba, da su take dafa wa yaron abinci. Zabibin kuma a baƙin shayi ta jiƙa. Nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da na zo.

Babka muka fara, wani dogon kek mai yis da rami a tsakiya, gefensa gurɓi-gurɓi kamar tattarar siket, sunan ma tsohuwa yake nufi. Gwaiduwa goma ta fasa, muka buga da sukari har ta yi fari, aka zuba fulawa da yis da madara mai ɗumi, bota narkakkiya a ƙarshe, aka yi ta bugu da hannu har ƙullin ya daina kama yatsa. Daga nan doka ta fara aiki. An rufe taga, ba a buga ƙofa, ba a ɗaga murya, namiji kuma ba ya shiga, don haka aka kori mai fassara muka koma maganar kurame. In babka ta faɗa ta yi danƙo a ciki, abin kunya ne ga uwar gida har shekara ta zagayo. Da ta fito daga oben, Babca ta kwantar da ita a kan matashin gashin tsuntsu tana juya ta a hankali kamar jaririya har ta huce. Ban yi dariya ba. Kakata ma ba ta yarda a tsaya mata a ka in tana tsimin alkaki.

Mazurek kuwa shi ne ya shiga raina, don ya fi kama da aikinmu, kuma ba ya buƙatar yis. Fulawa giram 300, bota mai sanyi 200, sukari 100, gwaiduwa biyu, a murje da sauri kada hannu ya narkar da botar, a sa a firji, a shimfiɗa shi falle kaurin ɗan yatsa, a yi masa ɗan gefe kamar tire, a gasa. Abin da ake zubawa a kai suna ce masa kaimak. Gwangwanin madara mai kauri mai zaƙi ake dafawa a rufe har awa uku, ruwa ya shanye kansa koyaushe, kuma ba a buɗewa sai ya huce sarai. Yana fitowa ruwan ƙasa, ɗanɗanonsa tsakanin tuwon madara da alawa. A shafe, sannan a yi ado: reshe da narkakken cakulan, almon a jere a matsayin baje, busassun 'ya'yan itace a gefe. Ta ba ni falle ɗaya ta ce in yi nawa. Na soya riɗin da na zo da shi, na tsaga dabino, na daka gyaɗa sama-sama, na jera su da'ira-da'ira kamar saƙar faifai. Na ukun shi ne sernik, kek na farin cuku mai laushi da zabibi, irin na Krakow ana gicciya masa siraran ƙulli a sama kamar raga. Shi kam bai kama ni ba, tsaminsa ya yi min kama da fura da nonon da aka gasa.

Asabar kowa ya fito da ɗan kwando an rufe da farin kyalle, za a kai coci a sa albarka: ƙwai, burodi, gishiri, tsiran alade, yankin babka da ɗan rago. Ragon Babca na bota ne, ta matsa botar ta rariya ta fito kamar ulu, ta sa masa idanu da masoro. Na raka ta har bakin ƙofa na tsaya ina kallon yara cikin kwalliya suna leƙa kwandunan juna, sai na ga kamar yaranmu da ƙoƙon tuwon Sallah. Daga yammacin nan kuma kantuna suka rufe har Talata.

Lahadi da safe kafin a ci komai sai da aka yanka dafaffen ƙwai, kowa ya ɗauki yanki yana yi wa ɗan'uwansa fatan alheri. An yi mana miyar hatsi mai tsami a tukunyar koren zare. Sai aka miƙo wani farin abu kamar dakakkiyar doya, wai hshan, aka ce in yi a hankali. Ni da nake cin attaruhu ɗanye? Na cika cokali. Wannan ba harshe yake kamawa ba, ta hanci yake bi ya fito ta ƙwaƙwalwa. Hawaye, tari, 'ya'yan 'yar Yukren har da faɗuwa daga kujera. Na rama da almakashi: na nemi izini na aske lansir ɗin taga, na yanka albasa da tumatir, na zuba garin ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan mai. Su 'yan tsirarun ganye suke barbaɗawa a kan ƙwai, ba su taɓa ganin an yi masa kwaɗo ba. Babca ta ƙara sau biyu tana shan ruwa. Alkakina kuwa ta gutsira ta ce ya fi mazurek zaƙi, kuma ban tabbata yabo ba ne. Yara suka yi ta karo da ƙwai a ga na wa zai fashe, irin wanda yayyena maza suke yi da ƙwan zabi da damina.

Litinin ranar jiƙa juna ce, shimigus-dingus. Ina fitowa daga ɗaki Babca ta yarfa min ruwa da yatsu tana ƙyalƙyala dariya. A waje samari da bindigogin ruwa da bokitai suke, amma da suka ga mayafina sai suka sauke, yaron ne ya sha wanka. Muna hanyar Emaus, kasuwar kayan wasan yara da alawa da ake ci duk Litinin ɗin Ista a Zwierzyniec, sai na ga mutane sun tsaya cak suna duban waya. Fafaroma Francis ne ya rasu da safiyar, yana da shekara 88. Babca ta ce ta gan shi da idonta lokacin da ya zo Krakow a 2016. Ta zauna a benci ta yi shiru, na zauna kusa da ita. Ba mu kai kasuwar ba.

Daren da zan taho na kwaɓa lallen da ya tsira daga hannun jami'ar nan, na zana mata reshen baje a bayan hannu. Ta zauna awa biyu hannu a sama kamar amarya. Ta shirya min ƙwai shida a gwangwanin biskit cike da auduga, da dunƙulen kakin zuma, da fensir mai fil. Huɗu ne suka iso Kano da rai.

Kaimak ya ba ni wahala a nan, in ba wuta sai ya malale, dole na ƙara masa lokaci a kan wuta na rage kaurin shafin. Yanzu ina sa mazurek na riɗi da dabino a cikin kayan gara, masu oda suna ce masa kantun Turai. Mai albasar da nake saye wajensa a 'Yankaba ya gaji da tambayata abin da nake yi da ɓawo, ya yanke wa kansa hukunci cewa magani ne, har yana tara min. Da damina ta sauka na gwada da ƙwan zabi. Ɓawonsa ya fi tauri, yana jure kankara da tsinin reza ba ya fashewa, ɓawon albasa kuma yana kama shi ja wur. Na yi dagin Arewa a guda, na kira yaron ta bidiyo na ce ya kai wa Babca wayar. Ta sa tabarau, ta ce in juya shi, in ƙara juyawa, in matso da shi.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Umma, wai rawar hannun ta ragu."